Ta Yaya 'Yan Sane Suke Gane Maɓoyar Baƙin 'Yata?

Anti mai wannan fili, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ki daure ki karanta har ƙarshe ko da kin ga ina kewaye-kewaye. Sai da furfura ta fara leƙo min na shiga ajin manya na koyi karatu da rubutu, saboda haka alƙalamina ba ya sauri. Da wata magana ce daban, da na sa ɗaya daga cikin yaran ya rubuta min. To wannan ta shafi mutuncin 'yar'uwarsu, shi ya sa na zauna da kaina.

Ni mai ɗinki ce. A gida nake aiki, kekena yana bakin taga inda haske ya fi shigowa. Maganar kuwa a kan 'yata ce ta biyu. Ta gama makaranta ta daɗe tana zaune ba aiki, tana taya ni dasa maɓalli da guga, har Allah ya sa wani kamfani mai zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido ya ɗauke ta. Dama tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa, ga ta da saurin kama yare. Aikinta shi ne ta ɗebo baƙi daga otal a motar kamfani, ta kai su wuraren kallo tana yi musu bayani, daga ƙarshe ta shiga da su babbar kasuwa su yi tsaraba. Tana ɗaga wata jar lema sama don kada su ɓace mata a cikin cunkoso, har 'yan kasuwa suka sa mata suna Mai Lema. Rigar da ta sa ranar da ta fara aiki ni na ɗinka, kuma sai da na warware wuyan na sake, don kada a ce 'yar mai ɗinki ta fita da karkataccen wuya.

To Anti, ana yi wa baƙinta sata a kasuwar nan. Na san za ki ce kowace kasuwa da 'yan sanenta, kuma gaskiya ne, abokan aikinta ma akan taɓa nasu baƙin. Amma nasu abin da aka yi sakaci da shi ake ɗauka, kamar wayar da aka ajiye kan tebur ana ciniki, ko walat ɗin da ya leƙo daga aljihun baya. Na 'yata kuwa abin da aka fi ɓoyewa shi ake ɗaukewa. Wani dattijo ya cusa walat ɗinsa cikin safa ya saki ƙafar wando a kai. A wani lungu wani ya zubar da tiren lemo a gabansa, mutane suka duƙa ana tsincewa ana ba da haƙuri, ko da aka miƙe safa ba komai. Wata mata ta rataya 'yar jaka a wuya ta cikin riga, aka tsinke igiyar ta ƙeya, jakar ta zame ta ƙasa ba ta ji ba. Wani kuma aljihun sirri ne da shi a cikin ƙugun wando, shi ma aka kai gare shi.

Abin da ya fara hana ni sakat wata jakar goyo ce. An yanka wa wata baƙuwa, 'yata ta kawo min in ɗinke kafin su koma ƙasarsu. Jakar nan aljihu ne a kan aljihu, ni kaina sai da na yi ta buɗe zif kafin in gane gabanta. Amma wanda ya sa rezar bai yi lalube ba. Ya bar wurin gorar ruwa, ya bar wurin tufafi, ya je daidai kan ɗan aljihun ciki na gefen hagu inda fasfo yake, ya tsaga tsawon yatsa, a miƙe, ko zare ɗaya bai ja ba. Na yi ta juya ta a bakin taga ina kallo, Allah ya yafe min, har na ji kaina ina cewa wannan da tela ne da ya yi suna. Ni da na tsufa ina yanka yadi, sai na shata da alli kafin in sa almakashi. Shi wa ya shata masa?

Ashe tambayar da manajanta yake yi ke nan. Ya kira ta ofis ya rufe ƙofa, wai shi ba zarginta yake yi ba, amma ɓarawo ba ya duba, sai an gaya masa. Wai ita ce take tare da baƙin tun daga otal, ita take ba su shawarar yadda za su adana kayansu, to ta taya shi tunani. Ya ce in aka sake ko da sau ɗaya, ta ajiye lema ta kama gabanta, kuma ba zai rufe bakinsa ba in wani kamfanin ya tambaye shi dalili. Ranar ta dawo ko takalmi ba ta cire ba, ta zauna a ƙasa gefen kekena tana tsince guntayen zare tana tarawa a cinya. Yarinyar da sai na roƙe ta take yin shiru.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu wanda ya kai ta taka-tsantsan a duk kamfanin, kuma ni na koya mata. Tun suna ƙanana, in za mu shiga kasuwa nakan tsaya a bakin ƙofa in taɓa ƙuguna inda nake ɗaure ƙullin kuɗina, in tabbatar yana nan, sannan in shiga. A tsakiya in sake taɓawa, a fita ma haka. Kuma Anti, tunda nake ba a taɓa yi min sane ba. Ita sai ta mai da abin doka ga baƙinta. A bakin babbar ƙofa akwai wani allo da aka rubuta a kula da ɓarayi. Na daɗe ina wucewa ta ƙarƙashinsa ban san me yake cewa ba, yanzu kuwa ba na wucewa sai na karanta. A nan take tsayar da su, su jeru, ta ɗaga lema ta kira waya, kowa ya taɓa inda wayarsa take. Ta kira walat, su taɓa. Ta kira fasfo, su taɓa. Baƙin ma son abin suke yi, suna dariya kamar 'yan makaranta a filin motsa jiki. Da aka yi satar farko na ce mata ta ƙara, ta riƙa yi da ƙarfi, kuma ta maimaita a wajen famfon tsakiyar kasuwa inda suke hutawa. Ta ƙara. Satar ba ta ragu ba.

A gida kowa da nasa fassarar. Baban yara ya ce baƙin nan tafiya suke yi kamar kajin da aka buɗe wa akurki, kai a sama baki buɗe, wai shi ma da ba ɓarawo ba in ya gan su sai ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce ai wasa yake yi, amma dai ta ajiye aikin tun kafin a ɓata mata suna, mai neman aure ba zai zo yana tambayar fasfo ba. Ƙanwarsa kuma ta rantse wani kwalli ne da su, in suka zizara suna ganin abin da ke cikin riga. Na ce mata in haka ne ai da mu ma mun daina shiga kasuwa. Ɗana babba ya ce na'ura ce a hannunsu mai jin ƙamshin waya. Na ce to walat ɗin da ke cikin safa fa, shi ma ƙamshi yake yi? Ya ce Mama, safar dattijo ai ba ta rasa ƙamshi. Suka yi ta dariya, ita kuwa ta tashi ta shige ɗaki.

Shi ne na ce bari in je in gani da idona. Na ari babban mayafin maƙwabciyata, na ɗauki kwando kamar zan sayo zif da maɓallai, na riga ayarinta zuwa kasuwa na raɓe kusa da ƙofa. Ba sau ɗaya na yi haka ba, kuma ita ba ta sani ba.

Anti, na sha kallo, kuma in gaya miki gaskiya har na ji ina son in fahimci sana'ar tasu, kamar yadda in na ga riga mai wuyar ɗinki nake juya cikinta in ga ta ina aka bi. Na ga wata mata mai fara'a tana kama hannun baƙuwa ta ɗaura mata abin hannu na zare wai kyauta ce, in ta ƙulle shi tam sai fara'ar ta ɗauke, ta ce a biya. Na ga wani ya watsa wa wani Bature miya-miyan wani abu a kafaɗa ta baya, kafin ya juya wani ya iso da hankici yana goge masa yana salati, hannu ɗaya yana guga, ɗayan kuma ban ga inda ya shiga ba. Wannan ba baƙon 'yata ba ne. Na ga mai tare mutane yana cewa an rufe layin gaba, su biyo shi ya kai su shagon ɗan'uwansa. Akwai wani mai kyakkyawar shiga da yake roƙon baƙi su nuna masa kuɗin ƙasarsu wai bai taɓa gani ba. Sannan akwai wani matsattsen lungu tsakanin masu yadi da masu kwanuka, inda 'yan dako suke turo kura suna ihun a ba da hanya, kowa ya manne da kowa. Duk satar da aka yi wa baƙinta, a lungun nan ne ko kusa da shi.

Ita kuwa 'yata, duk waɗannan ta san su, tana kore su tun daga nesa da bakin lemarta. Na ji daɗin yadda ake girmama ta ma. In ta tsayar da baƙinta a ƙarƙashin allon nan ta fara kiran waya da walat, sai ki ga bakin ƙofar ya yi tsit, har mai gyaran takalmi yakan ajiye gudumarsa. Na ɗauka yaren da take zubawa ne yake burge su. Akwai wani mai sayar da tabarau da yake da babban madubi a jikin katakon tallarsa, shi don kara ma ko talla ba ya yi musu a lokacin, juya musu baya yake yi yana goge madubinsa. In sun wuce sai in ga wasu samari sun zo gaishe shi, yana magana yana sosa ƙirji ko ƙwauri, su wuce ciki. Na bi ayarin har suka fita, ban ga an taɓa kowa a gabana ba, amma a ɗaya daga cikin ranakun sai da aka koma mota aka ga wata ta rasa wayarta da ta sa a cikin hannun riga. Ina nan, da idona biyu, ban ga komai ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da na dawo ran nan sai shaiɗan ya fara raya min maganar manajan. Da safe tana wanka na buɗe jakarta na zazzage. Abin da na samu, alewar maƙogwaro saboda yawan magana, da filastar da take liƙa wa baƙi in takalmi ya ci musu ƙafa, da allura da zaren da na ba ta. Na mayar da komai yadda na same shi. Yarinyar da na goya, na zarge ta a raina ko da na ɗan lokaci ne. Tun ranar ba na iya kallon idonta sosai, ita kuma tana ɗauka fushi nake yi da ita don an yi sata.

Mako mai zuwa za a ba ta wani babban ayari, yawancinsu tsofaffi. Ina ganin a nan ne za a yi ta ta ƙare. In goyi bayan babanta ta ajiye aikin da mutuncinta? In gaya mata na bi ta, har na buɗe mata jaka? Kuma Anti, ko da aikin zai tafi, don Allah in kin sani ki gaya min ta yaya mutanen nan suke gane wurin. Ina kan keke ina taka feda, tambayar tana tafiya tare da allurar.

Taki,
Uwar Mai Lema

*

Uwar Mai Lema, sannu da ɗawainiya, kuma rubutunki ya isar da saƙo tsaf. Ki sha ruwa ki zauna, domin ina ganin amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki, ke kika kawo ta da hannunki.

Babu kwalli, babu na'ura. Ki koma bakin ƙofar nan a ranki ki tsaya inda mai gyaran takalmi yake zaune. Ga baƙi sun jeru a fili, an kira walat, dattijo ya duƙa ya taɓa ƙwaurinsa. An kira fasfo, wata ta kai hannu gefen hagu na jakarta, wata ta dafa ƙirji. Wanda yake kallo me ya rage masa ya sani? Kin tambaya wa ya shata wa mai rezar. Baƙin ne suka shata masa da yatsunsu, a gaban jama'a, kuma aka maimaita masa a wajen famfo ko da bai gani da kyau ba a karon farko. Shi ya sa abin da aka fi ɓoyewa yake tafiya. Baƙin sauran abokan aikinta ba a sa su nuna maɓoyarsu, sai a ɗauki abin da ya fito fili kawai. 'Yan sane sun daɗe da sanin cewa mutum in aka ambaci ɓarawo hannunsa yakan tafi inda dukiyarsa take, shi ya sa suke son zama kusa da irin allon da kike karantawa.

Kada ki ce ke kika jawo. Ɗabi'ar da kika koya mata ba ta da laifi, wurin yin ta ne ya ɓaci. Ke mace ɗaya ce cikin dubban masu cefane, ba wanda ya tsaya jiran hannunki. Ayarin baƙi a bayan jar lema kuwa tun daga titi ake hango su. Abin da ya tsare ki shekara da shekaru, da aka ɗaga shi sama aka yi shi da ƙarfi, sai ya zama talla.

Sai dai ki lura, ni ba na wurin. Abin da na faɗa shi ya fi kama hankali daga abin da kika bayyana, kuma sa'ar da aka yi, ana iya gwada shi. A ayarin mako mai zuwa ta yi binciken nan nata a cikin otal, ko a cikin mota an ja labule, tun kafin a kusanci kasuwa. A nan za ta gaya musu cewa daga sauka har dawowa kada wanda ya taɓa maɓoyarsa, ko da an yi ihun ɓarawo, domin wani lokacin mai ihun so yake ya ga inda hannuwa za su tafi. Kada ta tsayar da su a bakin ƙofa kwata-kwata, kada ta maimaita a famfo. Fasfo ya zauna a akwatin ajiya na otal, a fito da kwafinsa in dokar wurin ta yarda. Kowa ya sa ɗan abin cinikinsa a aljihun gaba mai zif, ta yadda ba sai ya tono babbar maɓoya a gaban mai shago ba. Jakar goyo ta dawo ƙirji. In an zubar da kaya a gabansu ko an watsa musu wani abu a riga, kada su tsaya, kada su bari a goge musu, su ce sun gode su ci gaba, a goge a mota. Hannu kuma ba a miƙa shi ga mai ɗaura kyauta, walat ba a buɗe shi ga mai son ganin kuɗin ƙasar wani, ko ga wanda ya ce shi jami'i ne alhali bai nuna shaida ba. Lungun masu yadi da masu kwanuka, in akwai wata hanyar ko da ta fi nisa, ta bi ta can. In babu, ta raba su kashi-kashi, ta jira kura ta wuce, kuma ta nemi kamfani ya ba ta mutum ɗaya da zai riƙa bin bayan ayari. Tsofaffi ne, mai lema a gaba ba ta ganin na ƙarshe.

Manajan nata, na san kina jin haushinsa, kuma barazanar ɓata mata suna ba tare da hujja ba bai kyauta ba. Amma ki yi masa adalci, tambayar da ya yi ita ce wadda kika yi a bakin taga, kuma shi ma ba shi da amsa. Baƙi amana ce a wuyansa. Don haka ta je ta same shi kafin ayarin ya iso, ta bayyana masa abin da take yi a bakin ƙofa da abin da za ta canza, ta roƙe shi ya turo wanda ya yarda da shi ya bi su ya gani. Wanda yake da hannu a sata ba ya gayyato mai sa ido. Kuma ta ce masa a rufe maganar tsakaninsu har a gwada, domin in ta yaɗu a kasuwa gwajin ya lalace.

Mai tabarau da madubinsa, da sosa ƙirjin da yake yi in samarin sun zo, ni ma na ɗaga gira da na karanta. Mutum yana iya juya baya ya ga komai a madubi. Amma yana iya yiwuwa madubin ne ya yi datti kuma jikinsa ne yake ƙaiƙayi. Ba ki ga ya ɗauki komai ba. Kada ki nuna shi da yatsa, kada ki tunkare shi, kada ki bari ɗanki babba ya je neman magana. Abin da kika gani ki gaya wa 'yarki, ita ta gaya wa manaja, su kai wa masu tsaron kasuwa su sa ido da kansu. Ke da kika ɗanɗana zafin a zargi naki ba hujja, ba za ki so ki yi wa ɗan wata ba. Kuma a mayar wa maƙwabciya mayafinta, bibiyar ta isa haka. In da gaske ƙungiya ce, ba a son su haddace fuskarki.

Maganar ajiye aiki, babanta tsoron ɓacin suna yake yi mata, kuma tsoro ne na uba mai ƙauna. Sai dai in ta ajiye yanzu, zargin ne zai bi ta gida, kowa ya ce ta gudu ne kafin a kama ta. In ta tsaya aka gwada, ko dai satar ta tsaya sunanta ya wanku, ko kuma a ci gaba da yi alhali mutumin manaja yana kallo, ya ga ba ita ba ce. Ki gaya masa haka a tsanake. Shawarar ƙarshe dai tata ce, aikinta ne.

Ki gaya mata kin bi ta, yau ba gobe ba, domin ke ce shaidar da ta ga bakin ƙofar daga waje, ita kullum bayanta take ba shi tana fuskantar baƙinta. Za ta iya jin haushi, ta ce kin mai da ita yarinya, ta ma iya cewa ai ke kika ce ta ƙara. Ki bar ta ta faɗa, zai wuce. Maganar jaka kuwa ki riƙe ta tukuna. Wannan makon tana bukatar ƙafafunta su tsaya daram, ba lokacin da za ta ji cewa uwarta ma ta yi shakka ba ne. In abubuwa sun daidaita ki zaunar da ita ki nemi afuwarta a taƙaice, ba tare da kuka mai yawa ba. Amma sunkuyar da kan da kike yi ki daina daga yau, tunda ita fushi take karantawa a ciki. Ki kalle ta ido cikin ido ki ce mata kin ga aikinta kuma ya burge ki. Ai gaskiya ce.

Allah ya tsare mata lemarta, ya mayar da baƙinta gida da kayansu cif, ya sanyaya miki zuciya. In kin je sayen zif kika zo ƙarƙashin allon nan, ki tsaya ki karanta shi son ranki, da guminki kika koyi karatun. Hannunki dai ya zauna a kan kwando.

Antinku